Ido, Wa Ka Raina?

Karatunmu na safiyar yau yana cikin wasiƙar Yohanna ta fari, sura 4, aya 7 zuwa 21. Kowa ya buɗe nasa Littafin ya karanta a natse, in ya kai aya ta 20 ya ɗan dakata. A nan manzon ya tsare mu a lungun da ba shi da hanyar zillewa. Abin da yake nufi shi ne, duk wanda ya kasa ƙaunar ɗan'uwan da yake kallo da idonsa, to da'awarsa ta ƙaunar Allah, wanda ido bai taɓa gani ba, ba ta da tushe. Mukan karanta wannan mu gyaɗa kai, domin a ganinmu ba mu da maƙiyi. Amma ku lura, a kan ɗan'uwa manzon yake magana, wanda ake kwana ana tashi tare da shi.

Hutun ƙarshen shekara ya kama. Yara sun dawo gida, hunturu ya sa kowa yana neman ɗaki da wuri, in an ci tuwon dare sai a taru gaban talabijin ko a kewaye waya guda. A irin wannan dare, in an ba ni zaɓi, fim ɗaya zan ce a saka. Sunansa The Shop Around the Corner, wato kantin da ke bayan kwana. Ya fito a Amurka cikin Janairu 1940, baƙi da fari ne, tsawonsa minti 99. Fim ɗin soyayya ne, da ban dariya a ciki, labarinsa kuma yana ƙarewa ne a jajibirin Kirsimeti. Amma duk lokacin da na tuna shi, wannan aya ta Yohanna ce take fara zuwa raina, shi ya sa na kawo shi wurin bimbininmu.

Ernst Lubitsch ne ya shirya shi, Bayahude haifaffen Berlin a 1892, ɗan tela. Yana saurayi ya yi aiki a shagon mahaifinsa kafin wasan kwaikwayo ya ɗauke hankalinsa, har ya ƙaura Amurka a 1922. Asalin labarin wasan daɓe ne mai suna Parfumerie, wanda Miklós László ya rubuta aka fara nunawa a Budapest, babban birnin Hangari, a 1937. Samson Raphaelson ya mai da shi na fim. A Kalifoniya aka ɗauka, a ɗakunan kamfanin MGM, amma an bar labarin a Budapest yadda yake. Da ka fara kallo za ka gane cewa wanda ya yi shi ya san shago ciki da bai. Ya san tsayuwar ma'aikata a bakin ƙofa da sassafe suna jiran mai mabuɗi. Ya san irin ma'aikacin nan mai iyali, Pirovitch, wanda da zarar ya ji maigida ya ce yana son a faɗa masa gaskiya tsakani da Allah, sai ya sulale ya ɓuya a ma'ajiya, domin yana da mata da 'ya'ya biyu da zai ciyar.

Kantin na wani dattijo ne, Hugo Matuschek. Kayan fata ake sayarwa: jakunkunan mata, akwatunan tafiya, walat, bel. Ma'aikatan ba su kai goma ba. Babbansu Alfred Kralik, wanda James Stewart ya fito a matsayinsa, ya shekara tara a wurin, daga koyon aiki ya hau har ya zama na hannun daman maigida. Shi kaɗai yake iya duban dattijon ya ce masa a'a. Wata safiya maigida ya fito da wani akwatin ajiye sigari, wanda da an ɗaga murfinsa sai ya kama kiɗan wata tsohuwar waƙar Rasha, yana so a saro su da yawa. Kralik ya ce ba za su shiga ba. Ana cikin haka wata budurwa ta shigo neman aiki, Klara Novak, wadda Margaret Sullavan ta fito a matsayinta. Aka ce mata babu gurbi. Ta ɗauki akwatin ta nufi wata mata mai jiki, ta shawo kanta cewa akwatin alewa ne, kiɗan kuwa don ya riƙa tuna mata ne kada ta wuce gona da iri wajen shan zaƙi. Matar ta saya da kuɗi sama da wanda maigida ya yanka. Da wannan cinikin Klara ta sami aiki, da shi kuma 'yar tsama ta shiga tsakaninta da Kralik.

Wata shida suna aiki kafaɗa da kafaɗa ba sa ga maciji. Ya soki rigar da ta sa, ta kwaikwayi tafiyarsa a gaban sauran 'yan mata, ta ce ƙafafunsa sun yi baka. Abin da ba su sani ba, kowannensu yana da wanda yake rubuta wa wasiƙa a ɓoye. Kralik ya so ya ƙara ilimi, kuɗinsa bai kai na sabon kundin sani ba, sai ya shiga duba tallace-tallacen jarida ko zai sami na hannu. A nan ya yi kiciɓis da sanarwar wata budurwa mai neman wanda za su riƙa musayar wasiƙa a kan littattafai da tunani, ba suna, ba hoto, sai lambar akwatin gidan waya, 237. Suka soma. Ba su faɗa wa juna sana'arsu ko kamanninsu ba, abin da ke zuci kawai suke zubawa a takarda. A hankali kowa ya kamu da son wanda bai taɓa gani ba. Mai kallo yana gane zancen tun da wuri, don haka ban ɓata muku komai ba in na ce Klara ce mai akwati 237, Kralik kuma shi ne mai rubuto mata.

Iyayenmu suka ce, ido wa ka raina, ya ce wanda nake gani yau da gobe. Klara takan karanta wasiƙar mutumin nan da dare zuciyarta ta narke, gari ya waye ta je kanti ta watsa masa kallon raini. Shi ma haka. Abin da ya fi taɓa ni shi ne babu wanda ya yi ƙarya a wasiƙunsa game da zuciyarsa. Taushin da ke cikin takardar na gaske ne, zafin bakin da ke cikin kanti shi ma na gaske ne, kuma duka biyun a jikin mutum ɗaya suke. Sai dai takarda ba ta da gajiyar yamma, ba ta da tsoron kora, ba ta taka maka ƙafa a wurin aiki. Son na nesa yana da sauƙi, domin duk gurbin da ba ka sani ba kai kake cike shi da abin da ranka yake so. Kralik da kansa ya faɗa wa Pirovitch tsoronsa na haɗuwa da ita. Ya ce abin yana tuna masa ambulan ɗin kyautar ƙarshen shekara: muddin ba ka buɗe ba, kai attajiri ne.

Mu duba kanmu a nan kafin mu wuce. Akwai magidancin da in yana rubutu a WhatsApp ga mutanen da bai taɓa haɗuwa da su ba, ladabi da addu'a ke zuba daga yatsunsa, amma matarsa ta manta rabon da ya ce mata sannu da aiki. Akwai 'yar'uwar da take hawaye in tana roƙo domin masu bishara a ƙasashe masu nisa, alhali ta shekara ba ta gaisa da wadda suke zama benci ɗaya a Zumuntar Mata ba. Akwai saurayin da yake girmama mai wa'azin da yake gani a Facebook, yana raina dattijon ikilisiyarsu domin ya san gidansa, ya san bashin da ake binsa, ya taɓa jinsa yana faɗa. Duk mun san wannan hali a jikinmu. Muna yawo kamar wanda ya tafi kasuwa cigiyar akuyar da ke ɗaure a bayan ɗakinsa.

Ranar da suka sa za su haɗu, komai ya dagule. Maigida ya ce kowa ya tsaya bayan an tashi don a ƙawata tagar kanti saboda Kirsimeti. Kwanaki ke nan yana ɗaure wa Kralik fuska ba dalili, a wannan yammacin kuwa ya kira shi ofis ya sallame shi. Ku kalli wannan wuri da kyau in kun zo gare shi. Kralik ya fito da takardar shaidar aiki a hannu, ya karanta wa abokan aikinsa da murya ƙasa-ƙasa, takarda cike da yabo daga mutumin da ya kore shi yanzun nan. Sa'an nan ya ajiye littafin cinikinsa, ya ajiye fensiransa, ya ajiye mabuɗin da ke hannunsa. Shekara tara ke nan ya ajiye a kan tebur. Duk wanda aka taɓa sallama daga aiki gab da biki, ko ya ga an sallami mahaifinsa, ba ya bukatar a fassara masa wannan.

Dalilin korar yana da ɗaci. An aiko wa Matuschek wasiƙa marar suna cewa matarsa tana cin amanarsa da ɗaya daga cikin ma'aikatansa. Da yake Kralik ne wanda yake shiga gidansa, sai zarginsa ya faɗa kansa. Bai tambaye shi ba, bai jira hujja ba. A daren nan mai binciken sirrin da ya ɗauka ya zo ya shaida masa cewa zancen gaskiya ne, amma mutumin shi ne Vadas, wani ma'aikacin kantin mai daɗin baki da yake amsa masa da to a kan komai. Ga wasiƙa ta biyu ke nan a cikin labarin, ita ma daga wanda ba a gani ba, ita ma an gaskata ta fiye da mutumin da aka shekara tara ana gani. Zato zunubi, in ji Hausawa. Dattijon ya ga auren shekara 22 ya rushe, ya ga kuma ya zalunci wanda ya ɗauka ɗa, sai ya shiga ofis da nufin kashe kansa. Yaron aiken kantin, Pepi, wanda kowa yake tura shi da keke, shi ne ya dawo a daidai lokacin ya hana. Iyaye su san da wannan wurin kafin su zauna da ƙananan yara. Ba a nuna wani abin kunya ba, matar ma ba a taɓa nuna fuskarta ba, amma maganar tana da nauyi, kuma ta cancanci a tattauna ta da waɗanda suka fara hankali.

Kralik bai san da wannan duka ba. Ya nufi gidan shan gahawar da suka yi alkawari, ba aiki, ba ƙarfin zuciyar shiga. Alamar da suka shirya ita ce za ta riƙe littafin Anna Karenina da jan fure a tsakiyarsa, shi kuma ya maƙala irin furen a rigarsa. Ya roƙi Pirovitch ya leƙa masa ta taga. Pirovitch ya leƙa, ya yi ta kewaye-kewaye, daga ƙarshe ya faɗa masa: Klara ce. Kralik ya juya ya tafi. Can kuma sai ga shi ya dawo ya shiga, ba furen, ya yi kamar hanya ce ta biyo da shi. Ita kuwa duk hankalinta yana bakin ƙofa, tana tsoron kada masoyinta ya shigo ya tarar da ita da wannan mutum. Sai ta zage ta yanka masa maganganu. Ta ce in aka buɗe cikinsa, jaka za a tarar a mazaunin zuciya. Ta ƙare da kiransa ɗan ƙaramin ma'aikacin kanti da bai kai a kula shi ba, a daren da ko wannan matsayin ma ya rasa. Ta kwatanta shi da mai rubuto mata, ta nuna masa ko kusa bai kama ƙafarsa ba.

Kalma ɗaya ta ishe shi ya rama. Da ya ambaci lambar akwatin nan, da kunya ta rufe ta a gaban jama'a. Bai ambata ba. Ya miƙe ya yi mata sallama ya fita. Daga nan labarin ya zama na mutumin da ya san abin da ɗayan bai sani ba, kuma dole ya yanke shawarar abin da zai yi da saninsa. Klara ta yi ta jira, ba wanda ya zo. Lubitsch ya nuna baƙin cikinta ba tare da magana ko ɗaya ba: an ajiye kyamara daga cikin gidan waya, bayan akwatunan, sai ka ga hannu da safa ya shigo akwati 237 yana lalube, lungu-lungu, babu komai, sa'an nan fuskarta ta leƙo. Bayan haka ciwo ya kwantar da ita.

Matuschek yana gadon asibiti ya aika aka kira Kralik, ya nemi gafararsa, ya danƙa masa riƙon kantin. Kralik ya yafe ba tare da ja-in-ja ba. Ina so mu riƙe wannan ma, domin dattijo mai dukiya ya ce wa yaronsa na yi kuskure ba ƙaramin abu ba ne, a Budapest ko a ko'ina. Sai Kralik ya je duba Klara a gida, a matsayin shugabanta na aiki. Yana zaune aka shigo mata da wasiƙa, wadda shi ya rubuta. Ya ga yadda ta warware nan take, ta tashi zaune, har ta karanta masa wani sashe don ya ji yadda mutanen kirki suke rubutu. Ya zauna ya saurara. A wannan zaman ne, a ganina, soyayyarsa ta tashi daga kan takarda ta sauka kan mutum. Ya ga yarinya marar galihu a ɗan ƙaramin ɗaki, wadda ta ɗanɗana rashin aiki, wadda kaifin bakinta garkuwa ce kawai. Ya daina zaɓar rabin da yake so, ya karɓe ta dukanta.

'Yan'uwa, fim fim ne, ba nassi ba ne, kuma Kralik ba hoton Almasihu ba ne. Ya ja lokaci fiye da kima kafin ya faɗa mata gaskiya, ya kuma tsokane ta da labarin ƙarya cewa ya ga saurayin nata, wai wani mai tumbi ne, mai sanƙo, marar aikin yi. Wannan ba abin koyi ba ne, ko da yake yana ba da dariya. Amma labarin yana buɗe mini ido a kan Kirsimeti kansa. Shekaru aru-aru Allah yana aiko da saƙo ta bakin annabawa. Mutane suka karanta, suka haddace, suka yi marmarin zuwan wanda aka alkawarta. Ku duba Matiyu sura 2. Da masana taurari suka iso Urushalima suna tambaya, Hirudus ya tara manyan firistoci da malaman Attaura, nan take suka ba shi amsa daga littafin annabi Mika cewa a Baitalami za a haife shi. Tsakanin Urushalima da Baitalami bai wuce kilomita goma ba. Ba mu karanta cewa ko ɗayansu ya ɗaura takalmi ya bi baƙin nan ba. Sun san wasiƙar sarai, amma ba su je ganin mai wasiƙar ba.

Da Yesu ya girma ya koma Nazarat yana koyarwa, abin da ya hana mutanen garinsu karɓarsa shi ne sun san shi. Markus sura 6 ta nuna suna lissafa sana'arsa ta sassaƙa, da sunan mahaifiyarsa, da 'yan'uwansa maza da mata da ke zaune tare da su. Sanin da suka yi masa ne ya rufe musu ido. Kada mu yi saurin ɗora musu laifi, domin da a unguwarmu ya tashi, da mun taɓa kai masa ƙofa ya gyara muna tayin kuɗin aiki, wa ya san abin da za mu ce? Waɗanda suka gane shi tun yana jariri a Haikali, Saminu da Hannatu, tsofaffi ne da suka daɗe suna jira da addu'a har idonsu ya koyi duban abin da ke gabansu. Jariri suka gani a hannun matalauta biyu da hadayarsu ta tsuntsaye, kuma hakan bai sa sun kau da kai suna jiran wani mai kwarjini ba. A Matiyu 25 kuwa Ubangiji ya gaya mana inda za mu same shi har yau: a wurin mayunwaci, da baƙo, da marar lafiya, da ɗan kurkuku.

Akwai wani abin da yake ƙara wa fim ɗin nauyi in ka san zamanin da aka yi shi. An ɗauke shi a ƙarshen 1939, bayan Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke a ranar 1 ga Satumba. László, mai asalin labarin, ya riga ya bar Hangari zuwa Amurka a 1938. Felix Bressart, wanda ya fito a Pirovitch, Bayahude ne da ya bar Jamus bayan Hitila ya hau mulki a 1933. Mutanen da aka raba da garuruwansu ne suka taru suka gina wannan ƙaramin kanti mai ɗumi. A 1944, tsakanin Mayu da Yuli, an kwashe Yahudawan Hangari fiye da 400,000 a jiragen ƙasa, akasarinsu zuwa Auschwitz. A makon Kirsimetin shekarar kuma sojojin Tarayyar Sobiyat suka yi wa Budapest ƙawanya, aka gwabza har Fabrairu 1945. Waɗanda aka kwashe ɗin abokan aikin wasu ne, maƙwabtan wasu ne, masu kantin da ake saye a wurinsu ne, a ƙasar da ke cike da majami'u. Raina wanda kake gani kullum yana farawa ne da ƙaramin abu, amma ba a nan yake tsayawa ba, kuma mu ma a wasu garuruwanmu mun ga inda yake kaiwa.

A jajibirin Kirsimeti kantin ya yi cinikin da rabonsa da irinsa tun 1928. Bayan kowa ya watse, Kralik da Klara suka rage su biyu suna kashe fitilu. Ta faɗa masa wani abin da bai zata ba: a makonninta na farko a kantin shi ne ya kwanta mata a rai, sai dai ta karanta wani littafi a kan wata 'yar wasa mai wulaƙanta maza suna ƙara binta, ta ce bari ta gwada, abin ya juye mata. Daga ƙarshe ya ambaci lambar akwatin, ya ciro jan fure ya maƙala a rigarsa. Ta tsaya tana dubansa, tana haɗa muryar da ta sani a takarda da fuskar da ta sani a kanti. Sai ta ce ya ɗage wandonsa ta ga ko da gaske ƙafafun sun yi baka, ya ɗage. Hollywood ta sake maimaita wannan labari a 1949 da Judy Garland, ta sake a 1998 cikin You've Got Mail da Tom Hanks da Meg Ryan, inda saƙon intanet ya maye gurbin gidan waya. Suna da daɗin kallo, amma babu wanda ya kai na farkon sanin darajar albashi da zafin kaɗaici.

Wurin da ya fi zauna mini a rai kuwa yana gab da wannan, kuma ba na masoyan ba ne. Matuschek ya baro asibiti ya zo kanti, ya raba wa kowa ambulan ɗinsa, ya fito ya tsaya a bakin ƙofa dusar ƙanƙara tana zuba. Ba shi da gidan da zai koma a daren nan. Girman kai bai bar shi ya ce ku taimake ni ba, sai ya riƙa tare ma'aikatan ɗaya bayan ɗaya yana tambayar inda za su ci abincin dare. Pirovitch zai tafi wurin matarsa da 'ya'yansa. Wata ma'aikaciya, Flora, za ta zauna da mahaifiyarta. Pepi, wanda yanzu ya zama mai sayarwa, budurwa na jiransa. Kowa ya yi masa barka da Kirsimeti da zuciya ɗaya ya wuce, babu wanda ya ji abin da ke ƙarƙashin tambayar. Saura mutum ɗaya, Rudy, sabon yaron aike ɗan shekara 17, wanda maigidan da ƙyar ya san sunansa. Ya tambaye shi iyayensa, yaron ya ce ba sa Budapest. Dangi fa? Babu. Fuskar dattijon ta washe. Ya shiga jera masa abin da za su ci: romon kaza da taliya, gasasshiyar dinya da aka cusa wa tuffa, dankalin Turawa, jan kabeji, kokwamba, sa'an nan abin zaƙi a ƙarshe. Ya dafa kafaɗarsa suka tafi tare.

A Luka 14, aya 12 zuwa 14, Ubangiji ya ce in za mu yi biki mu kira waɗanda ba su da halin rama mana gayyata. Matuschek bai yi haka don ya fi kowa tsoron Allah ba. Bukata ce ta kai shi, kuma sai da kowa ya ƙare kafin idonsa ya sauka kan yaron. Duk da haka marasa kowa biyu sun sami juna a daren, mai kanti da ɗan aikensa a tebur ɗaya. Mu da muke da iyali, a layin Pirovitch da Flora muke, mutanen kirki masu sauri zuwa gida. Kafin a ɗora tukunyar shinkafar Kirsimeti, kowa ya zauna ya kira sunaye a ransa: yaron shagon da garinsu ya yi nisa, mai gadin layi, 'yar hidimar ƙasa da ba ta sami kuɗin mota ba, gwauruwar da wannan ne bikinta na farko ba mijinta, dattijon da 'ya'yansa duk suna birni. Aika kwano yana da kyau, al'adarmu ce, har maƙwabtanmu Musulmi muna kai wa, su ma su kawo mana da Sallah. Amma akwai wanda ba kwano yake nema ba, a ce masa shigo ka zauna yake so. Irinsu ba sa roƙo. Tambaya suke yi, ina za ku yi Kirsimeti bana, daga nan su yi shiru.

Mu yi addu'a.

Ya Uba, mun gode da ka tashe mu lafiya. Mun gode da ba ka tsaya a kan aiko da saƙo ba, ka aiko da Ɗanka cikin jiki, aka gan shi, aka taɓa shi, aka ci abinci tare da shi. Ka gafarta mana rainin da muke yi wa waɗanda muka saba gani: matanmu da mazanmu, iyayenmu da suka tsufa, abokan aikinmu, yaran da muke aike. In akwai wanda muka yanke wa hukunci a kan jita-jita, ka ba mu ƙarfin halin zuwa wurinsa yau mu nemi gafara. Ka tuna da waɗanda aka sallama daga aiki a wannan wata, ka buɗe musu ƙofa. Ka riƙe waɗanda aurensu ya girgiza. Wanda baƙin ciki ya kai shi ga tunanin ɗaukar ransa, ya Ubangiji, ka aiko masa da mutum a kan lokaci, in kuma mu ne za ka aika, kada mu makara. Ka tsare matafiya a hanya, ka ba garuruwanmu zaman lafiya tsakanin maƙwabci da maƙwabci. Cikin sunan Yesu Almasihu Ubangijinmu muka roƙa. Amin.